Jitar da Aka Daina Ƙerawa

A cikin shekarun da na zauna a birnin Landan ina da wani amini, ɗan ƙasarmu, malamin lissafi a wata makarantar sakandare, mutum mai natsuwa da kamun kai wanda ba a taɓa saninsa da almubazzaranci ba, wanda duk da haka ya shafe shekaru masu yawa yana neman wata jitar lantarki guda ɗaya, irin wadda ake kira Jazzmaster, lalle kuma sai wadda aka ƙera kafin shekarar 1965. Da Allah Ya nufa ya same ta, bayan ya zuba mata abin da ya daɗe yana tarawa, ko wata guda ba ta cika a hannunsa ba sai na je gidansa na tarar ya shimfiɗa ta bisa tebur a kan wani tsohon bargo, ya kwance tsirkiyoyinta, ya jera ƙananan sukurori a cikin murfin kwalba, yana cire waɗansu sassa yana sa waɗansu. Abin ya ba ni mamaki har na kasa yin shiru, na ce masa, "Haba Malam, ashe duk wahalar da ka sha wajen nemanta don ka ɓata ta ne?" Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Don in kaɗa ta ne, Malam." Tun daga wannan rana mas'alar take yi mini yawo a zuci, domin na lura cewa a ƙarƙashin wannan ɗan katako da wayoyinsa akwai wata tsohuwar tambaya wadda ta sha kan masu falsafa da malaman tauhidi da na fikihu, wato tambayar abin da ke sa abu ya zama shi ne shi, da iyakar sauyin da zai iya ɗauka kafin a ce ya tashi daga zatinsa ya koma wani abu dabam.

Na san mai karatu zai fara tambayar hukuncin kiɗan kansa, kuma yana da gaskiya. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yalwata ƙwarai a babin sauraro cikin littafinsa Ihya'u, amma ya keɓe masu tsirkiya ya hana su saboda a zamaninsa alama ce ta mashaya. Ibnu Hazmi na Andalus kuwa, wanda ya rasu a 1064, ya halatta, bisa ganinsa cewa hadisan hanin ba su inganta ba. Wannan saɓani yana da ma'abotansa, ni kuwa ban isa in yanke shi ba. Abin da nake bi a nan ya shafi kowane kayan aiki da mutum ya so, ko sirdi ne, ko keken ɗinki, ko allon da ya yi karatu da shi yana yaro.

Mutumin da ya ƙago wannan jita, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, shi kansa kuma bai iya kiɗan jita ba. A 1958 kamfaninsa ya fito da Jazzmaster a matsayin mafi daraja da tsada cikin jitocinsa, da niyyar ta shiga hannun makaɗan jaz, waɗanda bisa al'ada a zaune suke kiɗa. Shi ya sa aka karkata ƙugunta, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya, don ta kwanta daidai bisa cinyar mai zama. Aka shimfiɗa wa fuskar wuyanta wani baƙin katako mai daraja, aka sa mata maɗaukan sauti guda biyu masu faɗi, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, waɗanda ke juya motsin tsirkiya ya zama lantarki, aka kuma yi mata sanda wadda makaɗi ke dannawa ya lanƙwasa murya. Makaɗan jaz suka dube ta suka kau da kai. Samarin bakin tekun Kalifoniya ne suka ɗauke ta suka yi da ita kiɗan da mai ƙirar bai taɓa nufa ba. A farkon 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin CBS a kan dala miliyan 13, sababbin masu shi suka shiga sauye-sauye a fenti da siffa da yawan abin da ake ƙerawa, har mutane suka riƙa raba zamani biyu, kafin CBS da bayanta. Kasuwar Jazzmaster ta yi ta ja da baya, har a 1980 aka daina ƙera ta.

Faɗuwar darajarta ce ta zama sababin rayuwarta ta biyu, kuma a nan akwai abin lura ga mai hankali. Da ta koma shagunan jingina da na gwanjo ana sayar da ita da araha, sai matasan makaɗa marasa kuɗi suka same ta: Tom Verlaine a Niyok, Elvis Costello a Ingila, daga baya 'yan ƙungiyar Sonic Youth, da Kevin Shields wanda ya riƙa riƙe sandar nan a hannu yana kiɗa har murya ta riƙa tangaɗi, kamar yadda aka ji a faifansa na 1991. Da yake ba su saye ta da tsada ba, ba su ji tsoron taɓa ta ba. Lee Ranaldo na Sonic Youth ya cire maɗaukanta ya dasa mata na wata jitar dabam. Abin da ya jawo mata sunan da take da shi a yau, har masu tara kayan tarihi suke rububinta suna kulle ta a akwatin gilashi, hannun waɗannan masu sauya ta ne ya jawo shi.

A faifan ɗaya daga cikin waɗannan ne aminina ya fara jin muryarta yana ɗalibi, ya ce da ni ya ji wani amo mai kaifi a sama, mai zurfi a ƙasa, da wata 'yar ƙara kamar ta ƙararrawa tana biye da shi, wadda daga baya ya gane daga ragowar tsirkiyar da ke bayan jaki, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai, take fitowa. Na tambaye shi dalilin da ya hana shi sayen sabuwa, tun da a tsakiyar shekarun 1980 an koma ƙera irinta a Japan, a 1999 kuma aka koma ƙera ta a Amurka. Ya ce ya gwada su, suna da kyau, amma da tsohuwar zuma ake magani. Ya kawo mini hujjoji: cewa baƙin katakon nan na ƙasar Barazil ne, tun 1992 kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta tsananta hana cinikinsa saboda itacen yana neman ƙarewa, cewa a wancan zamani da hannu ake jan wayar tagulla yayin da injin ke naɗa ta, don haka ba maɗaukai biyu da suka zo daidai da juna, cewa fentin dā siriri ne, yana tsagewa yana gogewa da shekaru. Ban ƙaryata shi ba, ko da yake na ga alama hujjojin sun zo ne bayan soyayya ta riga ta kafu, kamar yadda galibi yake faruwa ga ɗan Adam.

Neman ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Ranakun Asabar yakan bi shagunan jita na Titin Denmark ɗaya bayan ɗaya, da dare kuma ya duba tallace-tallacen intanet, har ya haddace alamomin da ake gane gaskiyar shekarun jita da su. Sau ɗaya na raka shi wani gari mai nisa a jirgin ƙasa, wurin wani mutum da ya ce yana da ita cikakkiya ba a taɓa ta ba. Aminina ya roƙi izini ya kwance sukurori huɗun da ke riƙe da wuya, ya zare wuyan a hankali, ya kai gindinsa kusa da taga, domin a nan kamfanin yake buga wata da shekarar da aka yi shi. Hatimin yana nan, amma tawadarsa ta yi sabunta fiye da katakon, ramukan sukurorin kuma an toshe su an sake huda waɗansu. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya mayar da wuyan yadda ya same shi, ya ɗaure, ya yi godiya, muka kamo hanya. A cikin jirgin bai ce uffan ba sai da muka yi nisa, sa'an nan ya ce abin da ya dame shi shi ne an so a sayar masa da ƙarya, don da an gaya masa wuyan na wata jitar ne, da wataƙila ya saya a farashin da ya dace. Mai nema yana tare da samu. Bayan wani lokaci ya same ta a hannun wani dattijo da ya daina kiɗa saboda ciwon yatsu, ƙirar 1964, fentinta ya goge a inda hannu ke zama har katako ya fito.

To, sai ga aibinta ya bayyana, aibin da duk ma'abota wannan jita suka sani. Jakinta, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyoyi shida ke hawa a kai, an yi shi ne don tsirkiyoyi masu kauri irin na makaɗan jaz na shekarun 1950. Idan aka sa masa sirara irin na yanzu aka buga da ƙarfi, sai tsirkiya ta zame daga gurbinta, ƙananan sukurorinsa kuma su riƙa kwancewa suna zuza. Maganin da aka saba yi shi ne a sa jakin wata ƙanwarta da ake kira Mustang, mai gurbi ɗaya mai zurfi ga kowace tsirkiya, a kuma cusa ɗan siririn katako a ƙarƙashin gindin wuya don ya ɗan kishingiɗa, jaki ya ɗaga, tsirkiya ta danne shi sosai. Wannan ya yi. Ya sauya sandunan ƙarfen da ke jere a wuya, guda 21, waɗanda yatsun dattijon suka cinye har suka yi kwari. Ya sauya maɓallin ƙarar murya da wani mai rage kaifi. Kowane abu da ya cire kuwa sai ya naɗe shi a takarda, ya rubuta sunansa da gurbinsa, ya ajiye a cikin wani gwangwanin biskit.

Wannan gwangwani shi ya tuna mini da jirgin ruwan Tesiyus. Fulutak, marubucin Yunanawa, ya ba da labarin cewa mutanen Atina sun adana jirgin wannan gwarzo nasu zamani mai tsawo, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masu falsafa suka rabu biyu, waɗansu suna cewa jirgin nan dai shi ne, waɗansu suna cewa ya zama wani. A ƙarni na 17 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara wa mas'alar wuya, ya ce a ƙaddara wani ya tara tsofaffin katakan nan ya harhaɗa su suka zama jirgi, wanne ne na Tesiyus cikin biyun? Malamanmu na tauhidi, waɗanda muka karanta a zaure, suna da kalmomin da suka fi waɗannan kaifi, domin sun raba halitta zuwa jauhari, wato abin da ke tsaye ya cika gurbi, da arali, wato sifar da ba ta tsayuwa sai a jikin wani, kamar launi da motsi da ɗumi. Da yawa daga Ash'arawa kuma sun tafi a kan cewa arali ba ya wanzuwa lokaci biyu, Ubangiji ne ke sabunta shi daga ƙiftawa zuwa ƙiftawa. Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka auna jitar da aka kulle a gilashi don kada ta sauya, sai mu ga mai ita ya ruɗi kansa, domin katakonta yana bushewa, maganaɗisunta yana raguwa, soson da ke ƙarƙashin maɗaukanta yana ƙandarewa yana marmashewa, faifan da ke rufe fuskarta yana tsukewa har ya ja sukurorinsa su karkace, alhali ba wanda ya ɗora mata yatsa. Sauyi yana kanta ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba, kamar yadda yake kan duk abin da ba Mahalicci ba. Zaɓin da ya rage wa mai ita ɗaya ne cikin biyu, ko sauyin da zai kai ta ga yin shiru, ko wanda zai bar ta da murya.

Amsar da ta fi kwanta mini a rai ban same ta wurin Yunanawa ba, a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani na same ta, littafin da kusan kowane almajirin fikihu a ƙasarmu ya buɗa. A babin hubusi, wato wakafi, hukuncin da ya kawo shi ne ba a sayar da abin da aka yi hubusi da shi ko da ya rushe; amma dokin da aka yi hubusi da shi, idan ciwo ya kama shi ya daina amfani, ana sayar da shi a sa kuɗin a wani dokin irinsa, ko a taimaka da su wajen sayensa. Abin da na fahimta daga wannan bambanci shi ne, fili yana nan ko da ginin kansa ya faɗi, ana kuma sa ran a sake raya shi, doki kuwa an tsayar da shi ne don a hau, ranar da hawa ya gagara maksudin mai hubusin ya yanke, sai a bi maksudin a bar gangar jikin. Ba ina kiyasin jita da wakafi ta fuskar hukunci ba ne, nesa ta kai. Hanyar tunanin nake aro. Akwai abubuwan da amanarsu tana cikin aininsu, kamar rubutun hannun wani malami da ya shuɗe, wanda ko ɗigo aka ƙara masa an ci amanarsa. Akwai kuma waɗanda amanarsu tana cikin aikinsu, kayan aiki duka kuwa a wannan kashi suke. Jitar da ba ta riƙe tsirkiya tana dab da fita daga sunanta, wanda ya sa mata jakin da zai riƙe ya mayar da ita ga abin da aka yi ta dominsa, ko da jakin bai fito daga akwati ɗaya da ita ba.

Niyyar maƙerin ma tana goyon bayan wannan. Yawancin masu ƙera jita kafin Fender da manne suke haɗa wuya da jiki, haɗin da ba ya rabuwa sai da wahala. Shi kuwa, da yake ya yi shekaru yana buɗe cikin rediyon mutane yana cire abin da ya ƙone yana sa sabo, sai ya ɗaure wuya da sukurori huɗu, don in ya lalace a kwance a sa wani cikin ɗan lokaci. Wanda ya ɗauki jitar wannan mutum ya ce haramun ne a kwance mata sukuru ɗaya, ya girmama ta ta hanyar da ta saɓa wa hikimar da aka gina ta a kai. Tun dā ma haka ma'abota wannan sana'a suke. Masu tarihin Andalus sun ruwaito cewa Ziryabu, wanda ya baro Bagadaza ya sauka Ƙurɗuba a ƙarni na 9, ya tarar da udu, molon Larabawa, da tsirkiya huɗu ya ƙara masa ta biyar, ya kuma bar ɗan katakon da ake kaɗawa da shi ya koma amfani da gashin mikiya, ba kuwa wanda ya ce ya fitar da udu daga zatinsa.

Sai dai ban yarda a ɗauki wannan magana a mayar da ita lasisin yin yadda aka ga dama ba, domin akwai gyara akwai gyaran gangar Auzinawa. Na ga jitocin da aka kafa wa kurfi aka faɗaɗa ramukansu, aka kankare fentin shekara sittin da takardar yashi saboda sha'awar wata guda, mai yin kuwa ya gaji da su kafin shekara ta zagayo ya sayar. Abin da aka daina ƙerawa adadinsa ƙidayayye ne, kullum raguwa yake yi, wanda yake riƙe da ɗaya kuwa ya gaje ta daga wani, wani kuma zai gaje ta daga gare shi, don haka mulkinsa a kanta ya fi kama da riƙon amana. A ganina iyakar tana nan: duk sauyin da na bayanka zai iya warwarewa in ya so, kana da yalwa a cikinsa, wanda ba ya warwaruwa kuwa, kamar yanka katako, sai larura ta gaskiya. Sharaɗi na biyu shi ne gaskiya a ranar sayarwa. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan ɓoye jiƙaƙƙen a inda mai saye ba zai gani ba, ya kuma nisanta mai algus daga jama'arsa. Da mutumin da muka je wurinsa a jirgin ƙasa da aminina, duka biyu sun sauya sassan jita, aikin hannunsu kusan iri ɗaya ne. Ɗaya ya buga hatimin ƙarya don ya ɓoye, ɗaya ya rubuta kowane sauyi a takarda ya ajiye tare da tsohon sashen.

Akwai wani abu kuma da na daɗe ban gane ba, sai da na karanta labarin abin da ya sami 'yan Sonic Youth a watan Yuli na 1999, sa'ad da aka sace motar da ke ɗauke da kayansu duka a Kalifoniya. Yawancin jitocin nan masu araha ne, an huda su, an sauya su, mai tara kayan tarihi ba zai ba su daraja ba. Amma kowace an ɗaure tsirkiyoyinta a wani tsari na musamman saboda waƙoƙi sanannu, har ya zama da suka ɓace waɗansu waƙoƙin sun yi wuyar kaɗawa yadda aka san su. Kamfani yana iya sake ƙera siffa, ya ma yi. Abin da ba ya iya ƙerawa shi ne shekarun da hannu ɗaya ya yi yana sabawa da katako ɗaya, kowannensu yana gyara ɗan'uwansa. Wannan sabo shi ne abin da nake ganin ya fi cancanta a kira shi zatin kayan aiki a wurin mai shi, kuma ba a sayensa a shago, ko da an sami ƙirar da ake nema da shekararta da lambarta. Aminina ya sayi jitar dattijon ne ranar da ya biya kuɗi, amma ba ta zama tasa ba sai a hankali, bayan ya san inda take zuza da inda take daɗi, ya gyara abin da ke gyaruwa, ya saba da abin da ba ya gyaruwa.

Na gaya masa wannan tunani nawa wani dare bayan mun yi sallar lisha a ɗakinsa, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce akwai abin da na bari. Ya ce a shekarun da yake nema yana tsammanin ranar da ya riƙe ta zai ji abin da ya ji yana ɗalibi, a ɗan ƙaramin ɗakinsa mai sanyi, lokacin da iyayensa duka biyu suna raye yana rubuta musu wasiƙa. Da ya same ta ya kaɗa, muryar ta fito yadda ya san ta, amma wancan lokacin bai dawo tare da ita ba, ya kuwa yi kwanaki yana jin nauyin haka a ƙirjinsa kafin ya sallama. Ya ce sai bayan da ya sallama ne ya iya ɗaukar sukudireba ya taɓa ta, domin kafin nan yana ganinta kamar kabarin wani zamani ne da ba a tonawa. Na tambaye shi abin da zai yi da gwangwanin. Ya ce duk wanda ta koma hannunsa bayansa, da gwangwanin za ta koma, in ya ga dama ya mayar da tsohon jakin. Daga nan ya jawo ta ya ɗora bisa cinyarsa, karkataccen ƙugun nan ya zauna daram, ya murɗa maɓallin ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta sun kwanta, ya ɗan ja tsirkiya ta biyu da ta sassauta har ta daidaita da 'yan'uwanta, ya fara kaɗawa.